Tambayi Lauya: Sun ce in shiga kwamitin kulob ɗin golf, in wani ya ji rauni wa za a kama?

Assalamu alaikum. Wasiƙu biyu na zaɓa a wannan watan, duka a kan filin golf, wasan da wasu gidajen rediyonmu ke kira ƙwallon lambu. Ɗaya daga nan Ingila ta fito, ɗaya daga gida. Na san wani zai ce wasan masu hannu da shuni ne, ina ruwansa. To, duk wanda ke zaune a kwamitin wata ƙungiya mai gini ko mai ma'aikaci, ta ƙwallo ce, ta 'yan gari ce ko ta masallaci, ya daure ya karanta, domin dokar iri ɗaya ce.

Tambaya ta farko

Barista, barka da aiki. Ni likita ne, shekarata 11 ina aiki a wani asibiti a tsakiyar Ingila. Wani abokin aikina ne ya ja ni wasan golf saboda hawan jini da yawan zama, yanzu shekara shida ke nan ina memba a wani kulob da ke bayan gari. Kulob ɗin na membobi ne, ba na wani attajiri ba. Mu wajen 600 ne, kowa na biyan kuɗin shekara. Muna da ma'aikata tara, biyar a fili, sauran a kicin da ofis. Taron shekara ya kusa, sai shugabanmu ya ja ni gefe ya ce suna so in shiga kwamiti in riƙe ɓangaren lafiya da kiyaye haɗari, tunda ni likita ne. Babu albashi, zama sau ɗaya a wata. Na ji daɗi ƙwarai, don ban taɓa ganin baƙar fata a wannan kwamitin ba. Da na gaya wa uwargidana sai ta ce, "Idan bishiya ta faɗo wa wani, ko ƙwallo ta fasa wa wani ido, gidanmu za a sayar a biya?" Na yi dariya, amma daren nan ban runtsa sosai ba. Na tambayi sakatare, ya ce in kwantar da hankalina, akwai inshora, kuma akwai allo a bakin ƙofa da ke cewa duk wanda ya shiga fili alhakin kansa na wuyansa. Barista, in karɓa ko in ba su haƙuri?

*Wani likita, daga tsakiyar Ingila*

Amsa

Likita, barka kadai, Allah ya ƙara lafiya. Ka gaida Hajiya, ka ce mata tambayarta ita ce ta farko da lauya zai yi. Shekara 14 ina aikin ƙarar diyya a Birmingham, wani zubin a ɓangaren wanda ya ji rauni, wani zubin a ɓangaren kamfanin inshora, kuma yawancin 'yan kwamitin da suka zauna a gabana ba su yi wannan tambayar ba sai da takardar lauyan wani ta iske su har gida.

Akwai abu ɗaya da ba ka gaya mini ba, kuma a kansa komai ya rataya. Kulob ɗinku yana da rajista a matsayin kamfani, ko kuwa taron mutane ne da suka rubuta wa kansu ƙa'idoji suka ci gaba da harkarsu? Kada ka tsaya ga amsar baki. Ka shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni, Companies House, ka rubuta sunan kulob ɗin. Kyauta ne, ba zai ci maka minti biyar ba. Ko ka ga sunan ma, ka ƙara da neman ganin takardar albashin ɗaya daga cikin ma'aikatan nan tara, ka duba sunan wa aka rubuta a matsayin wanda ya ɗauke shi aiki. Na taɓa ganin kulob mai kamfani da ke riƙe da fili kawai, alhali ma'aikata da injuna duk suna hannun tsohon kulob ɗin da ba shi da rajista.

Dalilin da ya sa na nace shi ne, a idon dokar Ingila kulob marar rajista ba kowa ba ne. Ba ya mallakar ko manjagara ɗaya. Filin yana hannun amintattu, wato masu riƙe shi a madadin membobi, waɗanda ba su wuce mutum huɗu ba a takardar mallaka. Kwangila kuwa tana wuyan wanda ya sa hannu da waɗanda suka ba shi izini, wato kwamiti. Ma'aikatan nan ma, in aka bi diddigi, galibi kwamiti ne ubangidansu. Saboda haka duk inda ka ji an ce "kulob ya yi sakaci", a bayan kalmar akwai mutane masu suna da adireshi.

Ga abin da ya sami wani kulob ɗin golf a Ingila har maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2008. Membobinsa wajen 900, ba shi da rajista. Yana da tankin man ɗumama ɗakuna, da bututu binne a ƙasa da ke kai man zuwa tukunyar ɗumama. Aka ba 'yan kwangila aikin gini, suna cikin aiki suka fasa bututun, mai wajen lita 1,500 ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga rafi. Hukumar Kula da Muhalli ta shigar da ƙarar aikata laifi, kuma ba kulob ta rubuta ba, sunan shugaba da na ma'aji ta rubuta. Babu wanda ya ce ɗayansu ya riƙe diga. Alƙalin farko ya ce kulob ya kamata a gurfanar, a ƙyale bayin Allah. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda ana iya gurfanar da kulob da sunansa a kan irin wannan laifin, amma ta ce alƙali ya yi kuskure da ya ce ba za a taɓa mutanen ba. A laifin da doka ba ta tambayar niyya ko sakaci, in ji kotun, kowane memba cikin 900 ɗin nan mai tankin ne, kowa ana iya tuhumarsa. A ƙarshe an sallami mutanen biyu, kotu ba ta ga amfanin sake musu shari'a ba. Sai dai ka ƙiyasta watannin da suka shafe suna zarya tsakanin ofishin lauya da kotu a kan aikin da suka karɓa don taimako. Kai kuma ka fi ni sanin ƙa'idar hukumar likitoci ta GMC: da zarar an tuhume ka da laifi sai ka sanar da ita, ba sai an same ka da shi ba.

Za ka ce ai in aka ci kwamiti kuɗi, sai a raba wa mutum 600 kowa ya kawo nasa. Ba haka take ba. Tun 1903 akwai hukuncin da alƙalan majalisar Sarki a Landan suka yanke a kan wani kulob na Ostireliya, cewa ba a bin memba komai bayan kuɗin shekararsa sai in kundin ƙa'idojin kulob ya faɗi haka ƙarara. Amintattun da bashin haya ya faɗa kansu a wancan karon ba su iya tilasta wa membobi su mayar musu ba. Ka nemi kundinku, ka duba ko akwai inda aka ce dukiyar kulob za ta fanshi ɗan kwamiti in aka yi ƙararsa. In akwai, madalla, amma iyakarta abin da kulob ya mallaka.

Ba na so in tsorata ka fiye da kima, don haka bari in faɗi ɗaya ɓangaren. Zama a kwamiti kawai ba ya sa ka ɗauki alhakin raunin ɗan'uwanka memba. A wata shari'a ta 1989, wani memba na wani kulob a Ingila ya faɗa rami da babur ɗinsa a kan hanyar shiga kulob, ya yi ƙarar shugaba da sakatare, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba shi da hujja a kansu. Abin da ke kama mutum abu biyu ne: ya san da haɗari bai yi komai ba, ko kuma an ɗora masa kula da wani abu ya karɓa. A wata shari'ar ta 1950, wata memba ta faɗo daga matakalar kulob cikin duhu. Aka wanke sauran 'yan kwamiti, aka kama mutum ɗaya, wanda aka ɗora wa kula da ginin. Ka ga inda na nufa, Likita. Kujerar da ake miƙo maka ita ce irin ta mutumin nan. Da ranar da aka rubuta sunanka a gaban "kiyaye haɗari", ka fita daga sahun masu cewa ba su sani ba.

Maganar allon bakin ƙofa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A Birtaniya ba a goge alhakin mutuwa ko rauni da sakaci ya jawo da rubutu a allo ko a fom. Dokar sharuɗɗan kwangila marasa adalci ta 1977 ta hana, ta 2015 mai kare masu sayen kaya da hidima ta sake jaddadawa. Allon da ke da amfani shi ne wanda ke gaya wa mutum takamaiman abin da zai yi: tsaya nan sai na gabanka sun buga, kaɗa ƙararrawa in ka bar wannan ramin da ake saka ƙwallo.

Rashin irin wannan allon ne ya ci wani kulob a Sikotland, mai suna Niddry Castle, a yammacin Edinbura. A 2007 wani sabon shiga wasan yana tafiya da abokansa a kan 'yar hanyar da ke kai mutum daga rami na shida zuwa na bakwai. Wani kuma yana bugun farko a rami na 18, tazarar yadi 150 ko makamancin haka. Ƙwallon ta kauce hagu. Aka yi ihun gargaɗin da 'yan golf ke yi, mutumin ya sunkuya ya ɗaga hannu, amma ƙwallon ta same shi a idon hagu, idon ya tafi ke nan. Kotu ta yanke diyya kusan fam 400,000. Alƙalin farko a 2011 ya ɗora kashi 70 cikin ɗari a kan wanda ya buga, 30 a kan kulob. Da aka ɗaukaka ƙara, a 2013 manyan alƙalai suka juya lissafin: kashi 80 a kan kulob, 20 a kan mai bugu. Hujjarsu, kulob ne ya san filinsa, shi ya bar hanyar ƙafa inda ƙwallo ke iya kaiwa, shi ke gayyatar baƙi da 'yan koyo, amma bai kafa allo ko ƙa'idar wa zai jira wa ba, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1922 aka ci wani kulob a Kent fam 450 bayan ƙwallo ta fasa gilashin wata tasi a kan titin da ke bin gefen rami na 13, direban ya rasa ido.

Duk waɗannan ƙarar diyya ce, kuɗi ake nema, kuma inshora mai kyau na iya biya. Wanda ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, na ma'aikata, domin su ne abin ya fi ritsawa da su, kuma a nan ne doka ke maganar laifi da tara da kurkuku.

Dokar Lafiya da Kiyaye Haɗari a Wurin Aiki ta 1974 ta hau kan duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, ko ɗaya ne, ko ƙungiyar ba ta neman riba. Sashe na 2 ya ce ka kare ma'aikatanka iyakar abin da hankali zai ɗauka, sashe na 3 ya ce ka kare duk wanda aikinka zai iya shafa, baƙo ne, ɗan kwangila ne ko mai wucewa da karensa. Ƙa'idojin 1999 suka ƙara da cewa dole a zauna a auna haɗarin kowane aiki, kuma wanda ke da ma'aikata biyar ko fiye dole ya rubuta abin da ya gano. Ku kuna da tara. Filayen wasa irin naku galibi jami'an ƙaramar hukuma ne ke bibiyarsu, ba HSE, babbar hukumar kiyaye haɗari a wurin aiki, ba. Tarar ba ta da iyaka, mutum kuma ana iya ɗaure shi har shekara biyu, kuma tun Fabrairun 2016 alƙalai ke auna tara da yawan kuɗin da ke shigo wa ƙungiya a shekara.

Mutanen da ke zuwa wasa ƙarfe tara na safe ba sa ganin filin golf a matsayin wurin aiki. Suna ganin ciyawa shar kamar darduma. Ba sa ganin tarakta a kan gangare mai raɓa, ko injin yankan ciyawa a bakin tafki, ko maganin kashe ciyawa a rumbu, ko mutum shi kaɗai da asuba ba wanda zai ji ihunsa. A Disambar 2013, bayan wata guguwa, manajan filin kulob ɗin Hinckley da ke yankin Leicester ya fita shi kaɗai da injin yankan itace don ya gyara ɓarnar da iska ta yi. Ba hular kwano a kansa. Reshe ya faɗo masa. Sai washegari aka tsinci gawarsa. Ƙaramar hukumar yankin ta kai kulob ɗin kotu, a 2018 aka same shi da laifi, aka ci shi tarar fam 75,000. Mu mun yi imani kowa da ranarsa, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma kotu ba ranar take tambaya ba. Tana tambayar abin da aka yi kafin ranar: wa ya horar da shi a kan wannan injin, wa ya ce kada a yi irin wannan aikin mutum ɗaya, wa zai lura in yamma ta yi bai dawo ba.

Akwai wata shari'a da na yi wadda har yau ba ta bar raina ba. Ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba. Wani saurayi ne mai kula da ciyawa, bai fi wata takwas da fara aiki ba, injin yanka ya tafi masa da yatsu uku na hannun dama. Na je rumbun injunan da kaina da sassafe, ana yayyafi. Shugaban masu aikin fili, dattijo mai ƙarancin magana, ya nuna mini injin. Akwai wani ɗan makunni a ƙarƙashin kujera da ke kashe wuƙaƙen da zarar mutum ya tashi. Ya lalace, sai aka haɗa wayoyinsa biyu aka naɗe da baƙin salatif don aiki ya ci gaba. Yaron ya sauka ya cire ciyawar da ta toshe, wuƙaƙen na juyawa. Dattijon bai ce mini komai ba, ya buɗe durowa ya miƙo mini kwafin takardu uku da ya rubuta wa kwamiti da hannunsa yana neman kuɗin gyara. Da muka karɓi littafin bayanan zaman kwamiti, ga maganar nan ta fito sau uku cikin wata biyar, kuma kowane karo jimla ɗaya ce a gabanta: an ɗage zuwa zama na gaba. A shafin da ke kallon na ƙarshe, kwamitin ya amince da kuɗin sabbin labule na ɗakin cin abinci. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Akwai malamin makaranta mai ritaya a cikinsu da ya yi kuka a ofishinmu. Amma littafinsu da hannunsu ya ba da shaida a kansu, kuma yaron yanzu da hagu yake rubutu.

Sai maganar "akwai inshora". Wace iri? Ka ce a ba ka takardun ka karanta da idonka. Ta ma'aikata dole ce tun dokar 1969, kada ta gaza fam miliyan 5, kuma ana iya cin tarar fam 2,500 a kan kowace rana da aka yi babu ita. Ta jama'a, wadda ke biyan baƙo ko mai wucewa, doka ba ta tilasta ba, amma kulob ɗin da ba shi da ita ba wurin zama ba ne. Ka duba ko ta haɗa da raunin da memba ya yi wa memba, da masu aikin sa kai. Ta uku ita ce wadda ke kare 'yan kwamiti su kansu, ta biya musu kuɗin lauya in aka yi ƙararsu da sunansu. Ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce amsar tambayar Hajiya. Abin da babu inshorar da za ta biya shi ne tarar da kotu ta ci mutum a kan laifi.

In ka tarar kulob ɗinku ba shi da rajista, babban alherin da za ka yi masa shi ne ka kai maganar a mayar da shi kamfani irin wanda ba shi da hannun jari, wanda kowane memba ke lamunce masa ɗan abu kaɗan, galibi fam ɗaya, in ya rushe. Daga nan kamfanin ne mai fili, shi ne ubangidan ma'aikata, shi ake kai ƙara. Akwai ɗawainiya, don sai an mayar da fili da kwangilolin ma'aikata, kuma sai an nemi shawarar masanin haraji kafin a taɓa komai. Kuma kada a ɗauka rajista ta wanke kowa. Sashe na 37 na dokar 1974 ya ce in kamfani ya yi laifi da yardar wani darakta, ko da saninsa ya kau da kai, ko saboda sakacinsa, shi ma ana gurfanar da shi. Rajista tana kare gidanka daga bashin kulob da laifin wani, ba ta kare ka daga naka sakacin.

Abu na ƙarshe, kuma ka yi haƙuri da ni. Sun zaɓe ka don sun ji kalmar "lafiya" sun tuna kai likita ne. Aikin ba shi ba ne. Iliminka zai yi amfani wajen akwatin taimakon gaggawa, da na'urar farfaɗo da zuciya da inda ya kamata a rataye ta, da yadda motar asibiti za ta kai rami mafi nisa. Amma ba ka san gangaren da tarakta ke kifewa a kansa ba, ba ka san bishiyar da ta ruɓe ta ciki ba. Ƙa'idojin 1999 sun ce dole mai ɗaukar ma'aikata ya samu ƙwararren da zai taimaka masa a kan wannan. Ka ce a ɗauko shi a biya shi, kai kuma aikinka ka tabbatar an yi abin da ya ce.

To, ka karɓa ko ka ba su haƙuri? Ni dai ina so ka karɓa. Ina so a ga irinmu a waɗannan kujerun, kuma wanda ya kasa barci saboda wannan tambayar ya fi wanda bai taɓa yin ta ba dacewa da kujerar. Amma da sharaɗi, kuma kafin taron shekara, ba bayansa ba. Ka ga matsayin rajista, ka ga kundin ƙa'idoji, ka ga takardun inshora uku, ka ga takardun auna haɗari da ranar da aka sabunta su, ka karanta bayanan zaman kwamiti na shekara biyu da suka wuce kana neman kalmar "an ɗage". A rubuta cewa alhakin kiyaye haɗari na kwamiti ne gaba ɗaya, kai mai bibiya ne, kuma maganar ta zama ta farko a kowane zama, ba ta ƙarshe lokacin da kowa ke duba agogo ba. A ba shugaban masu aikin fili ikon tsayar da duk injin da ya ga bai yarda da shi ba, da wani kuɗi da zai iya kashewa a kan gyara ba tare da jiran zama ba. Sannan ka zaɓi wata safiya da ba ka da aiki, ka iske shi ƙarfe shida, ku zagaya filin da ƙafa, ka tambaye shi abin da ya daɗe yana nema ba a ba shi ba. In sun ƙi nuna maka takardun, ko suka ce kana tsananta abu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ka gode musu ka ci gaba da wasanka.

Tambaya ta biyu

Ranka ya daɗe, ni ne ma'ajin wani kulob ɗin golf a ɗaya daga cikin biranen Arewa. Muna da rajistar amintattu a hukumar CAC. Wata biyu da suka wuce ƙwallo ta sami ɗaya daga cikin yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, a bayan kunne. Shekarunsa ba su wuce 15 ba. Wanda ya buga ya kai shi asibiti ya biya, aka sallame shi. Yanzu mahaifinsa ya zo ya ce yaron ba ya ji da kunnen. Wasu a kwamiti sun ce yaran nan ba ma'aikatanmu ba ne, 'yan wasa ne ke sallamarsu hannu da hannu, don haka babu ruwan kulob. Ni raina bai kwanta ba.

*Ma'aji, daga Arewa*

Amsa

Alhaji, Allah ya saka da alheri da ranka bai kwanta ba. Na yi shekara biyar ina aikin lauya a Kaduna kafin in fito, kuma na san yaran nan, suna tsaye a inuwa tun hantsi suna jiran a kira su.

Rajistar da kuke da ita abu ne mai kyau. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, amintattun da aka yi wa rajista sun zama jiki ɗaya mai suna, wanda zai iya kai ƙara, a kuma kai shi. Wannan ya raba ku da matsalar da na yi wa Likita bayani. Amma maganar "babu ruwan kulob" ba za ta tsaya a gaban alƙali yadda 'yan kwamitinku ke zato ba. Dokar sakaci a Najeriya daga ta Ingila ta samo tushe, kuma mai fili yana da haƙƙin kula da duk wanda ya bari ya shigo filinsa, ma'aikaci ne ko ba ma'aikaci ba. Ballantana in kulob ne ke tantance yaran, yana da shugabansu da ke raba musu aiki, yana ba su riga, yana iya korar wanda ya ga dama. Duk wanda ke da wannan ikon a kan mutum, da wuya ya ce bai san shi ba don kawai ba ta hannunsa kuɗi ke bi ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta lissafa har da masu aikin wucin gadi a cikin ma'aikata, kuma ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata, NSITF. Ka duba ko kuna zubawa ko don masu gadi da masu ban ruwa, sannan ku tambayi lauyanku matsayin yaran. Shekarun yaron ma abin dubawa ne, domin kotu ta fi tsananta wa wanda ya bar ƙaramin yaro a wurin haɗari ba tare da an koya masa inda zai tsaya ba.

Ba na ba ku shawarar ku jira kotu. Mahaifin nan ya zo da ƙafarsa, bai aiko lauya ba, ku girmama wannan. Kulob ya ɗauki nauyin kai yaron wurin likitan kunne na gaskiya. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, a gwada jinsa a rubuta sakamako. Sai an san ko kunnen zai dawo ko ba zai dawo ba sannan a zauna maganar diyya, da mahaifin, da mai unguwarsu, da wanda ya buga ƙwallon, da lauya, a rubuta a sa hannu. Kada ku sa dattijon ya dangwala yatsa a takardar yafiya kafin likita ya yi magana. In akwai kuɗin da za a ba shi, a ware wani kaso don karatun yaron.

Daga nan ku buɗe littafi na sunayen yaran duka da shekarunsu da lambar iyayensu, ku sa mafi ƙarancin shekarun da za ku karɓa, ku hana tura yaro gaba ya tsaya inda ƙwallo za ta sauka ba tare da mafaka ba. Ka rubuto mini abin da likitan ya ce game da kunnen.